Kafin a Ɗora Wuƙa a Fatar Ido

Wata magana ta fara yawo a tsakanin matan Gusau masu ɗan abin hannu, wadda shekarun baya kaɗan ba mu san ta ba. A gidan biki ko wajen walima, sai ka ga waya tana bin hannu, ana kallon hoto biyu na mace ɗaya. A na farko fatar idonta ta sauko, ƙasan idon ya yi jaka. A na biyu ido ya buɗe tar, fuska ta washe. A ƙasan hoton akwai lambar wani asibiti a Istanbul ko Dubai ko Alƙahira, wani lokacin Abuja ko Legas. Daga nan sai tambayoyi su biyo: nawa ne, kwana nawa ake jinya, yana da zafi?

Ni dai ban yarda a ɗora wuƙa a fatar idon da ke aikinta lafiya lau ba, don kawai shekaru sun nuna a kanta. Kuma na tabbata akwai mata da yawa a Zamfara da Kebbi da fatar idonsu ke neman hannun likita yau ɗin nan, sai dai ba su ne ke kallon waɗancan hotuna ba.

Fatar ido ita ce fata mafi siranta a jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Tana ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti guda, kuma duk ƙiftawa tana shafa wa ƙwayar ido ɗan ruwan hawaye, tana share ƙura. Da dare kuma ita ce ke rufe ido ruf don kada ya bushe. Idan shekaru suka ja, fatar takan saki ta yi naɗi. Akwai kitse da Allah Ya kewaye ƙwayar ido da shi, wani siririn tantani ke riƙe da shi. Tantanin yakan yi laushi, kitsen ya turo gaba, shi ne jakar da ake gani a ƙasan ido. Zafin rana da hayaƙi da ƙarancin barci suna gaggauta abin, gado ma yana da nasa kaso. Shi ya sa za ka ga gida guda duk matansa idonsu kan sauko tun suna da arba'in.

Aikin da ake tallatawa ba mai tsawo ba ne. Likita zai zana layi da alƙalami a kan fatar, ya yi allurar kashe zafi, ya yanka daidai inda fatar ke naɗewa don tabon ya ɓoye, ya cire abin da ya ga ya yi yawa na fata, wani lokacin da ɗan kitse, sannan ya ɗinke da zare siriri. Na ƙasan ido kuwa ana shiga ne ta cikin fatar ko ta gindin gashin ido. Awa ɗaya zuwa biyu an gama. Bayan kamar mako guda a cire zare, kumburi da taruwar jini su ɗauki mako biyu kafin su baje. Tun 1818 wani likitan Jamus, Karl von Graefe, ya bayyana tiyatar fatar ido, kuma shi gyaran fatar da ciwon daji ya cinye yake yi. Daga baya ne aikin ya koma kasuwar kwalliya, har yau ya zama cikin tiyatar kwalliya uku da aka fi yi a duniya, fiye da mutum miliyan ɗaya duk shekara, maza da mata. A Koriya ta Kudu ma matasa ne ke yi don sauya yanayin idonsu, ba don tsufa ba.

Gaskiya ce, a hannun ƙwararre yawancin masu yin aikin suna tashi lafiya. Ba zan tsorata kowa da abin da ba haka yake ba. Amma hoton talla ba ya nuna sauran, kuma sauran nan su ne abin dubawa ga mu da muke zaune a wannan yanki.

Fatar da aka yanke ba ta tsirowa. Likitocin wannan fanni sukan bar kusan milimita 20 na fata tsakanin gira da gashin ido, domin in aka rage fiye da haka ido ba zai rufe sosai ba a cikin barci. To, ku tuna inda muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce da ƙura, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Daga nan bazara ta shigo da zafin da kan wuce digiri 40, ana kwana a ƙarƙashin fanka. Idon da ke kwana a ɗan buɗe a irin wannan yanayi zai bushe, ya yi ja, ya riƙa raɗaɗi, in aka yi sakaci saman baƙin idon ya yi gyambo. Fatar ƙasa kuma, in aka ja ta da yawa, takan juyo waje, jan cikinta ya fito, hawaye su riƙa bin kunci ba dalili. Akwai kuma wanda ba kasafai yake faruwa ba amma ya fi duka muni: jini ya tsinke a bayan ƙwayar ido ya danne jijiyar gani. In ba a buɗe masa hanya cikin awa ɗaya zuwa biyu ba, gani na iya tafiya har abada. Masu hawan jini da masu shan maganin tsinka jini irin su asfirin sun fi shiga wannan haɗari, kuma matan da suka kai shekarun sha'awar wannan aiki da yawansu suna fama da hawan jini ko ciwon suga, wasu ma ba su sani ba. A ƙara da wadda ta daɗe tana shafa man bilicin. Irin waɗannan mayuka suna sa fata ta ƙara siranta, rauni ya yi jinkirin warkewa, tabo ya yi duhu.

Sannan wa zai duba ta in matsala ta taso bayan ta dawo gida? Likitan da ya yi aikin yana can bayan teku, sai dai saƙon WhatsApp. Ƙarshenta layin asibitin tarayya na Gusau za ta bi, ko a tura ta asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, wajen likitocin da ba su suka yi yankan ba, kuma dama aiki ya yi musu yawa. Kada kuma a ɗauka kuɗi da fita waje suna kawar da ƙaddarar wuƙa. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 a Sifen bayan tiyatar rage kitse, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. A 2009 kotun ƙasar ta ɗaure likitan shekara ɗaya saboda sakaci. Ba aikin ido aka yi mata ba, amma ita ma lafiyarta ƙalau ta shiga ɗakin tiyata.

Duk da haka ba na ganin wautar matan da abin ke burge su, domin na san abin da ke kai su. Wata yayata, ɗiyar goggona, ta nuna mini irin wannan hoto a ɗakinta, ta ce tana tunanin sayar da wasu gwala-gwalanta. Mace ce mai hankali, ta aurar da 'ya'ya, tana da jikoki. Na ce, "Yaya, me ya kai ki wannan tunani?" Ta daɗe tana juya wayar a hannu kafin ta amsa. "Ke dai bari, ƙanwata. Ina zuba ma Alhaji tuwo yad dube ni yac ce wai ni kullum awa mai jin kwana. Kuma kin san bayan Salla za a kawo amarya." Ta faɗi haka ne tana ɗaga fatar idonta da ɗan yatsa a gaban madubin sif, tana saki, tana sake ɗagawa.

Wannan kalma ta Alhaji ce ciwon, kuma babu likitan da zai yanke ta. Idon nan da ya ce yana jin barci shi ne ya kwana buɗe a kan yara masu zazzaɓi, ya sha hayaƙin murhu shekara da shekaru, ya yi kukan rasuwar iyaye, nata da nasa. Shi ma Alhajin tare suka tsufa, gemunsa ya yi fari, ƙasan idonsa ya yi jaka, amma ba wanda ya taɓa sa shi jin kunyar fuskarsa; a masallaci ma furfurar ce ke sa a matsa masa ya shiga sahun gaba. Mace mai shekara hamsin da aka tura ta gasar ƙuruciya da yarinya 'yar ashirin an tura ta gasar da ba za ta ci ba. Ko an yi aikin, tsufa bai tsaya ba. Gira za ta ci gaba da saukowa, wuya da hannuwa za su faɗi shekarunsu, sai kuma a fara tunanin aiki na biyu. Ƙarin aure halal ne, ban ce a'a ba. Wulaƙanta uwargida da siffar jikinta kuwa ba ya cikin abin da aka halatta, kuma ina so in ji malamanmu suna faɗa wa maza haka a wa'azi da irin ƙarfin da suke faɗa wa mata su yi haƙuri.

Ta fuskar addini ma an daɗe da bambance gyaran lahani da gudun tsufa. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. A ɗaya ɓangaren kuma ga hadisin Ibn Mas'ud da ke la'antar masu tsaga jiki da masu wushirya don neman kyau, masu sauya halittar Allah. Akwai kuma hadisin da ya umarce mu mu nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, in ban da guda ɗaya, ita ce tsufa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kan tiyatar kwalliya a Malesiya a 2007, ta halatta wadda ake yi don maido da aikin gaɓa ko gyara nakasa da ƙuna da makamantansu, ta kuma ce bai halatta a kawar da tamoji da tiyata ko allura ba sai in abin ya zama cuta kuma an aminta daga cutarwa. Ni ba malama ba ce, amma wannan rabe-rabe ya yi daidai da abin da hankali ke nunawa.

Wata za ta ce ai muna yin lalle, muna rina furfura, muna sa kwalli, to mene ne bambanci? Lalle yana goge kansa, rini yana fita da sabon gashi, kwalli ana wanke shi da ruwa. Ba ɗaya a ciki da ke raba mace da wani yanki na jikinta. Ko kwallin ma ba kowanne ne lafiyayye ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da gubar dalma ta shiga jininsa ta hanyar kwallin da aka kai daga Najeriya, wanda aka auna aka samu fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara ɗaruruwa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, bai kamata mu riƙa zizara wa jarirai kowane irin kwalli ba.

Wata kuma za ta ce kuɗinta ne, jikinta ne. Haka ne, kuma ba ina kiran a kafa doka a hana ba. Wadda ta ji duk wannan ta ce sai ta yi, to aƙalla ta fara zuwa wajen likitan ido a auna ganinta da ruwan hawayenta, a auna jininta da sugarta, ta tabbatar mai aikin likita ne da hukumar likitoci ta ƙasa ta yi wa rajista, ta kuma tambaye shi wa zai gan ta in abu ya ɓaci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da wannan kasuwa za ta sauko hannun masu gyaran jiki a lunguna, a fara yi wa mata allurar cike ƙasan ido a ɗakin da ake dilka da halawa. Irin wannan allura in ta shiga jijiyar jini tana iya makantar da ido nan take, ko a hannun likita ne, balle wadda ta koya a bidiyo.

Yanzu bari in zo kan matan da na ambata tun farko. A cikin waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu suka zauna a kangwayen gine-gine a bakin gari, na ga wata tsohuwa da ɗan hantsaki ɗaure da zare a wuyanta. Da safe takan zauna a tabarma ta fuskanci rana, jikarta ta durƙusa a gabanta, ta ɗage fatar idon da babban yatsa, ta riƙa tsinke gashin ido ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ba ta ko motsi, hawaye ne kawai ke bin kuncinta. Idonta na hagu ya riga ya yi fari-fari. Na gaishe ta na ce, "Inna, tun yaushe kike wannan?" Ta ce, "Ɗiyata, wanga abu ya daɗe. In ba a cire ba, shina sukata ko ƙibtawa ni yi." Ba ta taɓa jin cewa akwai aikin da ake yi wa irin ciwonta ba.

Likitoci suna kiran ciwon tirakoma. Ƙwayar cuta ce da ke bin kwantsa da majinar yara, ƙuda ya ɗauka daga wannan fuska zuwa waccan, ko ta bi hannu da gefen zanen da uwa ke share wa yara fuska da shi. Idan mutum ya yi ta kamuwa tun yana ƙarami, cikin fatar ido yakan yi tabo, tabon ya tsuke ya juya bakin fatar ciki, gashin ido ya koma yana gogar baƙin ido a kowace ƙiftawa har ya dusashe shi. Makantar da ta zo ta wannan hanya ba ta warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta makantar ko ta raunana ganin mutum kusan miliyan 1.9, kuma mata sun fi maza makancewa da ita har ninki huɗu, saboda su ne kullum tare da yara. Inda ruwa ya yi ƙaranci, ƙuda ya yi yawa, babu masai, nan take zama, wato dai busassun yankuna irin namu.

Maganin wannan mataki na cutar tiyatar fatar ido ce. Allurar kashe zafi, yanka a fatar, a juyo bakinta waje a ɗinke, gashin ya daina taɓa ido. Ba ta kai rabin awa ba a ido ɗaya, kuma ba sai babban likita ba. Ma'aikacin jinya na ido da aka horar yana yin ta a ƙaramin asibitin ƙauye. Tare da ita ake raba maganin azithromycin, wanda kamfanin Pfizer ke bayarwa kyauta, a koya wa iyaye wanke fuskar yara, a samar da ruwa da masai. Da wannan tsari Ghana ta kawar da cutar a matsayin barazana a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Benin da Mali a 2023. Benin ɗin nan da Kebbi ke iyaka da ita. A nan gida ma an yi nisa, ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana aiki da gwamnatocin Sakkwato da Kebbi da Zamfara a kan haka, kuma an yi wa mutane da yawa aikin kyauta. Amma wadda tabon ya riga ya juya mata fata tun shekarun baya, raba ƙwayoyi ba zai miƙe ta ba, sai wuƙa. Kuma irin su ne suka fi wuyar kaiwa: tsofaffi, a ƙauyukan Zurmi ko Maru ko Shinkafi da ma'aikatan lafiya ke tsoron shiga, ba mai rakiya, ba kuɗin mota, ga tsoron kada a taɓa ido a ƙarasa shi.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta abu ne da za a iya hanawa ko warkarwa, yanar ido ce a kan gaba. A ƙasa irin wannan, ina jin ciwo in ga hannun da ya iya aikin ido yana karkata zuwa inda kuɗi suke, yana goge shekaru daga fuskar masu gani.

Ba tirakoma kaɗai ke sa fatar ido ta cancanci tiyata ba. Akwai tsohon da fatarsa ta sauko har ta tare masa gani ta sama, sai ya ɗaga gira ko ya ɗage haɓa kafin ya karanta Alƙur'ani. Wannan ana auna faɗin ganinsa a asibiti, in ta tabbata a yi masa aiki, kuma magani ne. Akwai yaron da aka haifa da fatar ido ɗaya a sauke. In ta rufe masa baƙin ido kuma aka bar shi ya girma haka, idon zai yi rauni ko da an gyara daga baya. Akwai kuma saukowar da ba a gaggauta yanka ta, domin saƙo ce daga wani ciwo. Wadda fatar idonta ta faɗo rana ɗaya tare da ciwon kai ko ganin abu biyu-biyu, asibiti za a kai ta a ranar. Wadda nata kan yi nauyi da yamma ya ware da safe, a binciki jijiyoyinta. Wanda ke tashi da kumburin ido kullum da safe, a duba ƙodarsa.

Abin da nake roƙon ma'aikatun lafiya a Gusau da Birnin Kebbi ba mai tsada ba ne. A yi ta sanarwa a rediyo da masallatan Juma'a da makarantun Islamiyya na matan aure cewa gashin ido mai suka yana da aiki, kuma yana hana makanta in an zo da wuri. A sa masu unguwanni da ungozomomi su rubuta sunan duk tsohuwar da aka san tana cire gashin ido. Tunda ƙauyuka da yawa ba sa shiguwa, a bi mutanen inda suka taru a Gusau da Anka da Talata Mafara da Kaura Namoda, a yi musu aikin a can. A kuma ajiye bayanin kowace mace da aka yi wa, a sake duba ta bayan wata uku zuwa shida, domin a wasu mutanen gashin yakan sake juyawa ciki, sai an maimaita aikin.